Jakar Makarantar Yara: Yadda Za a Zaɓe Ta da Yadda Za a Goya Ta

A duk watan Satumba, idan dogon hutu ya ƙare, iyaye sukan zauna su yi lissafin kuɗin makaranta, yunifom, takalma da littattafai. Jaka ce takan zo daga ƙarshe, bayan kuɗi ya kusa ƙarewa, sai a shiga kasuwa a ɗauki wadda aka samu. Ga shi kuwa yaro zai goya ta kwana biyar a mako, zango uku a shekara, waɗansu yaran ma su yi tafiyar rabin sa'a ko fiye da ita a baya. Mun shirya wannan bayani domin iyaye maza da mata, kakanni masu riƙon jikoki, da malamai, mu san abin da za mu duba kafin mu saya, da kuma abin da za mu koya wa yaro bayan an saya.

Mu da muka yi firamare a shekarun 1980 ba mu san wannan matsala ba. Littafin rubutu biyu ko uku a cikin leda, ko ƙaramin akwatin kwano a kai, shi ke nan. Yau ɗan aji biyu yana da littafin karatu da littafin aiki da littafin rubutu a kowane darasi, ga gorar ruwa, ga kular abinci. Kayan sun ƙaru, bayan yaro kuwa bai ƙaru ba.

Abin da nauyi yake yi wa jikin yaro

Ƙashin bayan mutum jerin ƙananan ƙasusuwa ne guda 33, da wani abu mai taushi kamar guringuntsi a tsakanin yawancinsu, tsokoki kuma suna riƙe da su ta kowane gefe. Idan aka rataya kaya mai nauyi a baya, kayan yana jan mutum baya. Don kada yaro ya faɗi, sai ya sunkuya gaba, ya miƙa wuya, kafaɗunsa su tattaro. Tsokokin wuya da na gadon baya da na kwankwaso su ne suke ɗaukar wahalar. Idan kuma a kafaɗa ɗaya ya rataya, sai ya ɗaga wannan kafaɗa ya karkata zuwa ɗaya gefen. Akwai jijiyoyi da suke fitowa daga wuya su bi ta ƙarƙashin ƙashin kafaɗa su sauka hannu. Siririn maratayi mai nauyi yana iya danne su, shi ya sa wani yaro yakan ce hannunsa ya mutu, ko yana jin kamar tururuwa tana tafiya a yatsunsa.

A nan ya kamata mu faɗi gaskiya kada mu tsorata iyaye. Jakar makaranta ba ta sa yaro ya yi doro, ba ita take kawo ciwon nan na karkacewar ƙashin baya da ake gani a waɗansu yara lokacin balaga ba. Likitocin ƙashi sun daɗe suna bayyana haka. A shekarar 2018 ma wata mujallar likitocin wasanni ta Birtaniya ta buga nazarin da ya tattara bincike masu yawa a kan wannan batu, masu nazarin kuwa ba su sami ƙwaƙƙwarar shaida cewa jakar makaranta ce take haddasa ciwon baya a yara ba. To, me ya sa za mu damu? Domin abin da muke gani da idonmu: yaro ya iso aji a gajiye, kafaɗa ta yi ja, wuya yana ciwo, ya yi tuntuɓe a hanya saboda kaya sun rinjaye shi, ko ya kasa juyawa da sauri idan babur ya taho. Waɗannan ba sai an yi bincike a ƙasar waje ba.

Wani zai ce ai 'ya'yanmu suna ɗaukar ruwa a kai, suna goya ƙannensu, me jakar littattafai za ta yi musu? Gaskiya ne yaranmu ba ragwaye ba ne, kuma motsa jiki da ɗaukar kaya daidai ƙarfi yana gina jiki. Amma mu tuna jarka mai lita 20 kilo 20 ce, ban da nauyin jarkar kanta, kuma yaron da ya yi sawu biyu a rijiya da asuba shi ne zai goya jakar nan da ƙarfe bakwai. Wannan dalili ne na rage masa, ba na ƙara masa ba.

Nauyi nawa ya dace?

Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne a gwada nauyin jaka da nauyin yaron kansa. Ƙungiyoyin likitocin yara da na masu gashin ƙashi a ƙasashe dabam-dabam sukan sa iyaka tsakanin kashi 10 zuwa kashi 15 cikin 100 na nauyin jikin yaro, waɗansu su kai har kashi 20. Mu mun fi son a riƙe kashi 10, musamman ga ƙananan yara da masu tafiya mai nisa da ƙafa, don lissafinsa ma ya fi sauƙi: a raba nauyin yaro gida goma, gida ɗaya shi ne na jaka. Ɗan shekara shida mai kilo 20, jakarsa kilo 2. Ɗan shekara goma mai kilo 30, kilo 3. 'Yar ƙaramar sakandare mai kilo 45, kilo huɗu da rabi.

Ba kowane gida ke da sikeli ba, amma ana samunsa a ɗakin shan magani da waɗansu shagunan magani. A auna yaro shi kaɗai, sa'an nan a auna shi goye da jakarsa, a cire na farko daga na biyu. Inda babu sikeli, akwai wata dabara. Ledar fiya wata guda rabin lita ce, wato rabin kilo. Leda huɗu kilo 2 ke nan, leda shida kilo 3. A zuba su a wata leda, a ɗaga da hannu ɗaya, a ɗaga jakar yaro da ɗaya hannun. Uwar da ta yi wannan gwaji sau ɗaya ba za ta sāke bukatar a yi mata dogon bayani ba.

Takarda tana da nauyi fiye da yadda muke zato. Ƙunshin farar takarda mai guda 500, irin wadda ake buga takardu da ita a ofis, kilo biyu da rabi ne. Idan aka haɗa littattafan rubutu masu ganye 60 da 80 guda goma da littattafan karatu biyar, an riga an wuce iyakar ɗan firamare tun kafin a sa gorar ruwa, wadda ita kaɗai, in ta lita ɗaya ce, kilo guda ce.

Ƙasar Indiya ta daɗe tana fama da wannan magana, kuma akwai abin koyo a wurinta. A shekarar 1989 marubucin nan R. K. Narayan ya tashi a majalisar dattawan ƙasar ya yi jawabi a kan nauyin jakar da ake ɗora wa ƙananan yara. Daga baya gwamnati ta kafa kwamiti a ƙarƙashin masanin kimiyya Farfesa Yash Pal, wanda ya miƙa rahotonsa a 1993. A 2020 ma'aikatar ilimi ta ƙasar ta fitar da tsari na musamman a kan jakar makaranta: kada ta wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin yaro, 'yan ajin raino kada su ɗauki jaka, kada a ba 'yan aji ɗaya da aji biyu aikin gida, makarantu su ajiye sikeli su riƙa auna jakunkuna, su kuma tanadi ruwan sha don kada yara su yi ta dakon ruwa daga gida. Daga jawabin farko zuwa wannan tsari shekara 31 ce. Mu a gidajenmu ba sai mun jira haka ba.

Idan an je kasuwa

A je da yaron. Ba a saya wa yaro takalmi ba tare da an san ƙafarsa ba, haka ma jaka. Ya goya ta a gaban mai shago, a zuba wani abu mai ɗan nauyi a ciki, a dube shi ta baya da ta gefe. Saman jakar ya tsaya kaɗan ƙasa da kafaɗa, kada ya tokare masa ƙeya. Gindinta ya zauna a kwankwaso, kada ya sauka fiye da faɗin tafin hannu ƙasa da ƙugu. Faɗinta kada ya wuce faɗin bayan yaron. Jakar da take dukan yaro a ɗuwawu ko a bayan cinya yana tafiya ta yi masa girma.

Kuskuren da muka fi yi shi ne saya wa yaro babbar jaka da nufin ya girma a cikinta. A yunifom wannan dabara tana aiki, don ana iya kalmasa ƙafar wando. A jaka ba ta aiki. Babbar jaka tana rinjayar yaro, sa'an nan duk filin da aka bari sai yaro ya cika shi, da ƙwallo, da tsofaffin littattafan bara, da duwatsun wasa. Gara ƙarama mai ƙarko da zai yi shekara biyu ko uku da ita, in ya girma ƙaninsa ya gāda.

Maratayi shi ne ran jaka. Ya zama guda biyu, mai faɗi kamar yatsu uku na babba, da soso a ciki, mai kuma maɗauri da za a iya tsuke shi ko a sassauta. A ja wurin da aka ɗinke shi da jikin jakar da ƙarfi, domin nan ne yakan fara tsinkewa. Ɓangaren da yake kwanciya a gadon baya shi ma ya kasance da soso ko wani abu mai ɗan tauri, don kada kusurwar littafi ko bakin kula ya riƙa tokarar yaro. In an sami mai ɗamarar ƙirji ko ta ƙugu, ta fi kyau ga mai tafiya da nisa, don tana hana jaka lilo tana kuma sauke wani nauyin a ƙugu. A ɗaga jakar babu komai a ciki. Waɗansu jakunkunan, saboda ƙarafa da robobin ado, sun kai kilo guda tun ba a sa fensir ba, wato rabin abin da ɗan aji ɗaya ya kamata ya ɗauka. A buɗe zif a rufe sau da yawa. A duba ko akwai aljihuna biyu ko uku a ciki da mazaunin gora a gefe.

Ba ma ganin laifin gwanjo. Sau da yawa jakar gwanjo mai kyau ta fi sabuwa mai ƙyalƙyali da hoton zane-zanen talabijin ƙarko, irin wadda robarta take tsagewa kafin hutun rabin zango. Sai dai a matsa soson maratayin a ji ko bai mutu ba, a wanke ta da sabulu a shanya a rana kafin yaro ya fara amfani da ita. Inda kuɗi ya yi wuya, tela mai ɗinkin jaka zai iya ɗinka ta da yadi mai kauri, in dai an gaya masa ya faɗaɗa maratayi ya sa soso. Mai gyaran takalmi ma yana iya ƙara ɗinki ko ya sauya zif da ɗan kuɗi kaɗan.

Jaka mai taya da ake ja tana burge yara, amma an yi ta domin shimfiɗaɗɗen daɓe ne. A hanyar yashi, ko tsakuwa, ko taɓon damina, yaro zai ƙare da ɗaukarta a hannu ɗaya, ita kuwa ta fi ta goyo nauyi saboda ƙarfenta da tayoyinta. Jakar rataye mai igiya ɗaya ta yi daidai ga littafi ɗaya ko biyu, ba ga kayan yini guda ba.

Shirya kaya da goyawa

Littattafai manya masu nauyi su kwanta a ɓangaren da yake manne da baya, ƙanana da marasa nauyi su zo waje. Nauyin da yake kusa da jiki ba ya jan yaro baya kamar wanda ya yi nisa. Kular abinci ta tsaya a miƙe a rufe da kyau. A damina a sa littattafai cikin leda kafin a sa su a jaka, domin yawancin jakunkunan da ake cewa ruwa ba ya shigarsu yana shiga ta zif.

Babban maganin nauyi shi ne jadawalin darussa. A kwafe shi a manna a bango, kowane dare yaro ya fitar da littattafan da ba a yi da su gobe. Yara da yawa suna kwasar komai kullum ne don tsoron bulala in sun manta da littafi ɗaya, don haka ƙaramin yaro yana bukatar babba ya zauna da shi har ya saba. Mun taɓa zazzage jakar wata 'yarmu a tsakiyar zango, muka tarar da littattafan zangon da ya wuce, takalmin wasanni ƙafa ɗaya, da ƙwallon mangwaro da aka tara don wani wasa. Laifinmu ne da ba mu duba ba tun da wuri.

Wajen ɗauka, yaro ya durƙusa da gwiwoyi ya ɗaga da hannu biyu, ko ya ɗora ta a kan tebur ko benci ya juya mata baya ya zura hannu ɗaya bayan ɗaya. Kada ya finciko ta daga ƙasa ya wurga a kafaɗa. Ya sa maratayi biyu duka, a tsuke su har jakar ta kwanta a bayansa, amma ba har ta hana shi ɗaga hannu ba. Samari da 'yan mata na sakandare sun fi son kafaɗa ɗaya da jaka mai reto don gayu. Faɗa ba ya cika yi musu aiki, amma in aka nuna musu sawun da maratayi ya bari a kafaɗarsu sukan saurara. Idan ana tsaye a layin taron safe ko ana jiran mota, ya sauke ta ya ajiye a gabansa.

A kan hanya

Wannan ɓangare ne muke ganin ya fi ciwon baya haɗari a garuruwanmu, ga shi ba a cika maganarsa ba. Yaran da ake kaiwa makaranta a kan babur, wani lokaci uku ko huɗu a babur ɗaya, na ƙarshe yakan zauna a bakin kujera da jaka mai nauyi tana jansa baya. Mai babur ya faɗa rami ko ya fizga, yaron ya tafi. A cire jakar ƙaramin yaro a ba mai babur ya sa a gabansa, ko babba ya riƙe. Jelar maɗaurin da take lilo tana iya shiga taya ko sarƙar babur da keke, ko ta maƙale a ƙarfen Keke Napep ko ƙofar bas lokacin da yaro yake sauka direba kuma ya ja. A naɗe ragowar a ɗaure da roba, ko a yanke a ƙona bakin da ashana don kada ya warware.

Lokacin hunturu, a watannin Disamba da Janairu, yara suna fita cikin hazo da sanyin safiya, direba ba ya hango su sai ya zo kusa. Jaka mai launi mai haske, ko mai ɗan ƙyallen nan da yake walƙiya in fitilar mota ta haska shi, tana taimakawa. Ana sayar da irin wannan ƙyalle, tela zai iya ɗinka shi a jikin jaka.

Kada a rubuta sunan yaro da manyan baƙaƙe a bayan jaka. Baƙon da ya kira yaro da sunansa ya riga ya sami rabin amincewarsa, mu kuwa mun san halin da ake ciki game da satar yara. A rubuta suna da lambar wayar iyaye a ciki, a yi wa jakar wata alama a waje, kamar zare mai launi, don ya gane tasa. A kuma koya wa yaro kada ya karɓi ƙunshi daga wanda bai sani ba ya sa a jakarsa, ko da an ce saƙo ne zuwa ga malami.

Abin da yake cikin jaka

Reza da yara suke fiƙe fensir da ita ta yanka yatsu da yawa a cikin aljihun jaka. A saya masa mafiƙi. Tsinken zana da'ira ya zauna a cikin gwangwaninsa na lissafi. Guntun abinci da ya kwana yana kiran kiyashi, kyankyasai da ɓeraye, ɓera kuwa shi ne yake yaɗa zazzaɓin Lassa ta fitsarinsa da kashinsa, cutar da aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, wadda kuma takan fi tashi da rani. A fitar da kula kullum da yamma a wanke, a rataye jaka a ƙusa maimakon a yar da ita a ƙasa, a kuma kakkaɓe ta da safe saboda kunama. Ranar Asabar a zazzage ta gaba ɗaya. Yaro mai asma ya san aljihun da abin shaƙarsa yake, malaminsa ma ya sani.

Rabon makaranta

Iyaye ba za su iya su kaɗai ba, domin malami ne yake cewa a zo da littafi kaza. Taron iyaye da malamai shi ne wurin ta da maganar, cikin ladabi, da jakar yaro a hannu in ya yiwu. Abubuwan da za a roƙa ba masu tsada ba ne: a bi jadawali sosai don yara su san abin da za su kawo, a sa akwati ko kabad mai makulli a aji inda littattafan da ba na aikin gida ba za su kwana, a yarda ƙananan yara su yi amfani da littafi mai ganye 40 maimakon mai 80, yara biyu masu zama benci ɗaya su raba manyan littattafai tsakaninsu, a kuma tanadi ruwan sha mai tsabta a harabar makaranta.

Yaushe za a je asibiti?

Ciwon da jaka ta jawo yakan tafi cikin 'yan kwanaki da zarar an rage kaya an gyara maratayi. Idan an yi haka amma ciwon ya wuce mako biyu, kada a ci gaba da ɗora wa jaka laifi. A kai yaro asibiti ba tare da jira ba idan ciwon baya yana ta da shi daga barci, ko ya zo da zazzaɓi, rama ko gumin dare, ko ƙafafunsa sun yi rauni, tafiyarsa ta sauya, ko ya fara kasa riƙe fitsari. Haka nan idan hannu ya mutu bai dawo daidai ba bayan an sauke jaka, ko an ga wani ƙullutu ya turo a tsakiyar baya, domin tarin fuka yana kama ƙashin baya, kuma yana warkewa da magani idan an gano shi da wuri. Idan yaro ya sunkuya aka ga gefe ɗaya na bayansa ya fi ɗaya tudu, ko kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya tsawo ko ba jaka, likitan ƙashi ya duba shi. Babban asibiti zai iya tura shi asibitin koyarwa ko asibitin ƙashi irin na Dala a Kano.

Yara masu sikila suna bukatar kulawa ta daban. Ciwon baya ko na ƙugu a wurinsu yana iya zama tashin ciwonsu ne, ko lalacewar kan ƙashin cinya, ba gajiyar jaka ba. Jakarsu ta fi ta kowa sauƙi, amma kada a rage nauyin ta wajen cire musu gorar ruwa, domin ƙishirwa tana ta da ciwon. A rage littattafai, ko wa ko ya su ɗaukar musu.